Daga Kano zuwa Maƙerar Damagaram

Mun tashi daga Kano da sassafe, muka bi ta Daura, muka ƙetare iyaka, muka ratsa Matamai da Takeita, ana kiran sallar la'asar muka shiga Damagaram. Washegari Alhamis ce, ranar da Kasuwar Dole ke cika, kuma a can na sami wani dattijo maƙerin fari yana ƙera munduwa da jan ƙarfen da ya zare daga tsohuwar wayar lantarki, wanda kusan babu gami a cikinsa.

Yakan buga da masaba har ƙarfen ya ƙi lanƙwasuwa, sannan ya mayar da shi cikin gawayi, yaronsa yana zuga. Da ya fara ja sai ya yi maza ya zare da awartaki. Na ce: "Baba, me ya sa ba ka bari ya daɗe?" Ya ce: "Ɗana, idan ya sha wuta da yawa laushinsa yakan wuce kima, fuskarsa kuma ta yi kaushi wajen lanƙwasa."

Dalilin yana cikin jikin ƙarfen, domin tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu manne da juna, kowace da inda layukan zarranta (wato mafi ƙanƙantar ɓurɓushin da suka haɗu suka yi ƙarfen) suka fuskanta, kamar kunyoyin gonaki maƙwabta. Ƙarfe yana lanƙwasuwa ne idan layukan suka zame, zamewar kuwa takan cije a iyakar ƙwaya. Ƙarfen da aka yi wa gami yana da zarra na wasu sinadarai da ke tare hanyar zamewar, amma tsantsarsa ba shi da su, taurin da bugu ya sa masa kuma wuta takan warware shi ta tsirar da sababbin ƙwayoyi. Abin da ya rage na dogaro shi ne iyakokin, su kuwa raguwa suke yi idan ƙwayoyin suka girma saboda daɗewa a wuta.

Masu binciken ƙarfe biyu, Hall a Sheffield a 1951 da Petch a Leeds a 1953, duk a Ingila, su ne suka fitar da lissafin: idan faɗin ƙwaya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin da iyakoki ke bayarwa yakan ninka biyu. A ganina idon dattijon girman ƙwaya yake aunawa ta launin wuta.

Da yamma na wuce unguwar Birni don ganin fadar Sarkin Damagaram, garin da aka riƙa ƙera igwa a zamanin Sarki Tanimun.