Litinin, 20 ga Janairu 2025: Masu saka faifai

Yau Alan Freed, shahararren mai saka faifai a rediyon Amurka, ya cika shekara 60 da mutuwa. A wani asibiti a Palm Springs ta jihar Kalifoniya ya mutu, ran 20 ga Janairu 1965, yana da shekara 43 kacal. Giya ta cinye masa hanta, ƙoda ta tsaya, hukumar haraji tana binsa bashi, gidajen rediyon da a da suke rububinsa duk sun juya masa baya. Da shi na tashi a raina, da shi kuma na yini.

Aikin safe nake wannan makon. Na isa tasha hazo bai washe ba, na kunna na'urori, na gwada makirfo, na buɗe jerin waƙoƙin da kwamfuta ta tsara wa shirin hantsi. Haka aikin ya koma yanzu. Mai gabatarwa zai shigo ya tarar an riga an jera masa komai, nasa kawai ya gai da masu sauraro, ya karanta talla, ya faɗi lokaci. Yaron da ke gabatar da shirin yana da murya mai daɗi da kunne mai kyau, na sha jin abin da yake saurara a wayarsa idan muna hutu, amma ko ɗaya daga ciki ba ya kaiwa iska. Lokacin da aka tafi labarai na ce masa yau ranar tunawa da wani mai sana'arsa ce. Ya ce, "Yaya, wane ne?" Sai na ba shi labari gwargwadon abin da minti goman ya ɗauka, sauran kuma ga shi nan ina rubutawa.

A 1951 Freed ya fara shirin dare a tashar WJW ta birnin Cleveland. Wani mai shagon sayar da faifai, Leo Mintz, shi ya ɗauki nauyin shirin, don kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da yake sayarwa ya samu shiga rediyo. A wancan zamani faifan baƙar fata kasuwarsa daban, jadawalinsa daban, manyan tashoshi kuma ba sa taɓa shi. Freed Bature ne, ya raɗa wa kansa suna Moondog, ya dinga saka waɗannan faya-fayai yana ihu a kansu, yana kaɗa ƙararrawa, yana dukan littafin lambobin waya da tafin hannu don ya bi kiɗan. Ran 21 ga Maris 1952 ya shirya taron rawa a Cleveland Arena, zauren da ke ɗaukar mutum wajen 10,000. Jama'ar da ta zo ta kusa ninka haka, aka karya ƙofofi, hukuma ta tashi taron tun mawaƙin farko bai yi nisa ba. Da yawa suna ƙirga wannan dare a matsayin babban taron kiɗan rok na farko. A 1954 ya koma New York, tashar WINS, sunansa ya game ƙasa.

Abin da ya fi kama ni a tarihinsa shi ne taurin kansa kan asalin waƙa. Al'adar kamfanoni a lokacin ita ce, idan baƙar fata ya yi waƙa ta karɓu, sai a samo farin mawaƙi ya sake rera ta a sanyaye, a tura wa manyan tashoshi, kuɗin ya tafi can. Haka Pat Boone ya yi da waƙoƙin Fats Domino da Little Richard. Freed ya tsaya kan saka na masu abin. A 1957 aka ba shi shirin talabijin a ABC, bai yi nisa ba aka soke shi, bayan kyamara ta nuna matashin mawaƙi Frankie Lymon, baƙar fata, yana rawa da wata farar yarinya, tashoshin kudancin ƙasar suka tayar da jijiyar wuya. A 1958 aka yi hargitsi bayan taronsa a Boston, aka tuhume shi da tunzura jama'a, ya bar WINS.

Sai maganar kuɗi. Kamfanonin faifai suna ba masu saka faifai na goro don a dinga juya waƙoƙinsu, kuma abin ya zama ruwan dare. A ƙarshen 1959 majalisar dokokin Amurka ta shiga bincike. Tashar WABC, inda yake aiki a lokacin, ta kawo wa Freed takarda ya sa hannu cewa bai taɓa karɓa ba, ya ƙi, aka sallame shi. A 1962 ya amsa laifin karɓar cin hanci, aka ci shi tarar dala 300 da ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, amma sunansa ya riga ya ɓaci. Dick Clark, mai gabatar da shirin kiɗa a talabijin, wanda shi ma yake da hannun jari a kamfanonin waƙa, ya sayar da su, ya je gaban majalisa a 1960 ya yi bayani a natse, ya fito lafiya, ya ci gaba da aiki har tsufa.

Ba na wanke Freed. Ya karɓa. Kuma akwai wanda ya fi karɓar kuɗin muni a wurina: sunansa ya fito a cikin marubutan waƙar Chuck Berry ta farko, Maybellene, ta 1955, alhali bai rubuta ko baiti ɗaya ba, ya dinga cin kaso daga gumin wani. Sai bayan shekara kusan talatin Berry ya dawo da haƙƙinsa cikakke. Mutumin da ya buɗe wa mawaƙan nan ƙofa shi ne kuma ya tsaya a bakinta yana karɓar na shiga. Duk da haka ina ganin abin da ya sa aka yi masa dukan kawo-wuƙa, aka bar wasu, ya wuce maganar na goro. Ya haɗa 'ya'yan farare da na baƙaƙe a zaure ɗaya, akwai kuma waɗanda ba su taɓa yafe masa wannan ba.

Yaron nan ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, ai mu ma ana kawo mana." Na san ana kawowa. Ko a makon jiya na ga wani mawaƙi a bakin ƙofa da ambulan a aljihun gaba. Bambancin da na gani, wanda ya sa zuciyata ta yi nauyi, shi ne a zamanin Freed ana sayen kunnen mutum ne saboda kunnen yana da daraja, jama'a sun yarda da zaɓinsa. Yanzu gurbi ake saye a jadawali, ko mai gabatarwa ya saurari waƙar ko bai saurara ba duk ɗaya.

Bayan azahar na biya ta gidan Kawu na kai masa maganin hawan jini. Na same shi a zaure cikin rigar sanyi, rediyonsa na kusa da shi kamar kullum. Shi ne ya koya mini juya gajeren zango tun ina ƙarami, shi ya sa ko da na ce masa yau masu saka faifai na ƙasashen Turawa nake tunawa, bai yi mamaki ba. Ya ce, "Wancan mai magana a hankali na sashen Turanci na BBC fa, mai saka kiɗa kamar ana faɗa a maƙera?" John Peel yake nufi. Ya ce rabin abin da mutumin yake sakawa ba ya gane kansa, amma ba ya kashewa, don ba ka san me zai biyo baya ba, wata rana sai ka ji garayar Zimbabuwe ta ɓullo tsakanin hayaniyar samarin Ingila.

Kawu bai yi kuskure ba. Peel ya yi ta saka Bhundu Boys da Four Brothers na Zimbabuwe, da masu kiɗan Kwango irin su Kanda Bongo Man, a tsakiyar shirin da aka san shi da rok. An haife shi a 1939 kusa da Liverpool, ya fara aikin rediyo a Amurka, ya dawo gida a 1967 ya shiga Radio London, ɗaya daga cikin tashoshin da ke watsa shiri daga jirgin ruwa a teku don kauce wa dokar Birtaniya. A shekarar aka rufe ta, BBC ta buɗe Radio 1, ta ɗauke shi, ya zauna a can har ya mutu da bugun zuciya a birnin Cusco na ƙasar Peru ran 25 ga Oktoba 2004, yana da shekara 65. Akwai wata yarjejeniya da ƙungiyar makaɗa ta Birtaniya da ta taƙaita awannin da BBC za ta saka faifai, sai ya mai da takurar ta zama alheri: a kira ƙungiya ɗakin ɗaukar sauti, ta naɗi waƙa uku ko huɗu a yini guda, a watsa. An yi irin wannan zama wajen 4,000, da yawansu na yaran da ko kamfani ba su da shi. Kaset-kaset da ake aiko masa ta gidan waya kuwa da kansa yake zama ya saurara. Wannan ne nake kira sana'a.

Kawu ya ɗauko zancen zaɓi-sonka na da, yadda ake sayen kati a rubuta sunayen dangi da abokai a aika Kaduna, a zauna ana jira har mako ya zagayo. Ya ce, "Ɗana, mai karanta katin nan ya san garuruwanmu fiye da direban mota." Na gaya masa wani abokin aikin Peel, Johnnie Walker, ya mutu ranar ƙarshe ta shekarar da ta wuce yana da shekara 79. Shi ne wanda ya ƙi sauka daga jirgin Radio Caroline a watan Agusta 1967 lokacin da dokar hana tashoshin teku ta fara aiki, ya ci gaba da magana bayan ƙarfe goma sha biyun dare. Ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, amma sai a ƙarshen Oktoban bara ya yi shirinsa na ban-kwana. Kawu ya jinjina kai ya ce kowa da ranarsa. Na ƙara masa da Annie Nightingale, mace ta farko da ta riƙe shiri a Radio 1 a 1970, ta yi shekara 12 ita kaɗai a cikin maza, ta kuma ci gaba da farautar sabon kiɗa har ta mutu a Janairun 2024 tana da shekara 83. Wannan ta burge shi ƙwarai, har ya sa na maimaita shekarun.

Da daddare, bayan isha'i, wuta ta dawo, na nemo tsofaffin naɗe-naɗen shirye-shirye a intanet. Na fara da Dewey Phillips na tashar WHBQ a Memphis. Maganarsa kamar ta ɗan kasuwar da ke gwanjo, ba waƙafi ba aya, da ƙyar nake tsintar kalmomin. Shi ne ya fara saka faifan Elvis Presley a watan Yuli 1954, ya yi ta maimaita shi a dare ɗaya saboda wayar tasha ta ƙi yin shiru, har aka je aka nemo yaron daga gidan silima aka kawo shi. A hirar ya tambaye shi makarantar sakandaren da ya yi, Elvis ya ce Humes. Makarantun garin a rabe suke bisa launin fata, don haka da wannan amsa kaɗai masu sauraro suka gane fari ne. Tambaya ɗaya, ta nuna maka yadda ƙasar take gaba ɗaya. Phillips ma bai yi ƙarko ba. Da tashoshi suka koma tsarin jadawalin waƙoƙi 40 da ake juyawa, irinsa ba shi da wuri, ya mutu a 1968 yana da shekara 42.

Daga nan na koma kan wani mai saka faifan, Wolfman Jack, wanda gobe ne zagayowar ranar haihuwarsa, 21 ga Janairu 1938. Sunansa na yanka Robert Weston Smith, ɗan Brooklyn. A matsayina na mai kula da na'ura, labarinsa ya fi ɗaukar hankalina ta fuskar ƙarfe da waya. Dokar Amurka ta tsayar da ƙarfin tashar matsakaicin zango a wat 50,000. Sai ya tsallaka kogin Rio Grande zuwa Ciudad Acuña a Meziko, inda tashar XERF take harbawa da wat 250,000. Da rana wani sashe na sararin sama yana shanye irin wannan zango, da rana ta faɗi sai sashen ya ɓace, sautin ya dinga tunkuɗo sama yana dawowa ƙasa a wuri mai nisan gaske. Shi ya sa direbobin manyan motoci da yaran ƙauye a jihohi masu nisa suke kama shi tsakar dare, murya a shaƙe, yana kukan kyarkeci, da yawa ba su ma san ko baƙi ne ko fari ba sai da suka gan shi a fim a 1973. Ya mutu ran 1 ga Yuli 1995 a gidansa a jihar North Carolina, jim kaɗan da dawowarsa daga tafiya, yana da shekara 57.

Na ƙare da Freed, wani guntun shiri na zamanin Cleveland, sautin duk ƙura. Ana jin dukan littafin nan a bayan kiɗa. A 1986 yana cikin rukunin farko da aka karrama a Rock and Roll Hall of Fame, gidan tarihin gwarazan kiɗan rok, kuma saboda shi ne a wani ɓangare aka gina gidan tarihin a Cleveland. A 2002 aka kai tokar gawarsa can, a 2014 gidan ya nemi iyalinsa su ɗauke ta, daga baya aka binne ta a maƙabartar Lake View ta garin. Wannan ɗaukewar ta yi mini ciwo da na fara karanta ta, har yau kuma ban ga dalilin da ya gamsar da ni ba.

Kafin na rufe kwamfuta na rubuta wa shugaban sashen shirye-shirye takarda. Na roƙi a ba yaron nan rabin awa daren Juma'a, shi zai zaɓi abin da zai saka da kunnensa, ni zan riƙe masa na'ura ba tare da an biya ni ƙarin lokaci ba, da sharaɗin ba za a karɓi ko kwabo daga mawaƙi ba. Na san tambayar farko da za a yi mini ita ce wa zai ɗauki nauyi. Akwai wani mai shagon kayan sauti a unguwarmu da muke mutunci, gobe in Allah ya kai mu zan biya wurinsa bayan na tashi aiki.