Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Inna da Kuɗin Adashi

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata ta wajen uba, can cikin garin Sakkwato wajen Ƙofar Rini. Kafin in ci gaba da nawa labarin sai na ɗan tsaya a kanta, don yawancin abin da zai zo nan gaba ba zai fahimtu ba sai an san wace ce Inna, Allah Ya jiƙan ta da rahama.

Inna ba ta da takardar haihuwa. In aka tambayi shekarunta, cewa take yi an haife ta shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar, wato 1938. Ta ga shekara hamsin ɗin da ya yi a kan gado, ta ga zamanin Dasuƙi, ta ga na Macciɗo har haɗarin jirgin 2006, ta kuma daɗe cikin na Sa'ad. Haka take lissafin kowa ma: wane bayan rasuwar Sardauna da damina biyu aka haife shi, wance shekarar canjin hannu aka kai ta ɗaki, 1972 ke nan da motoci suka koma bin dama.

Baba shi ne ɗanta na fari, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In zai gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta kau da kai ta amsa a taƙaice. Baƙo ya gani sai ya ɗauka faɗa suke yi. Ni kuwa da nake jika, maigidanta nake. Kullum cikin tsiya muke, tana cewa na bar ta ba cefane, ina cewa ta tsufa zan yi mata kishiya. Yaran yanzu suna ganin kunyar ɗan fari kamar rashin so ne. Da sun zauna da Inna da ba su faɗi haka ba.

Kakana baduku ne, ya rasu a 1973 ya bar ta da 'ya'ya shida. Shekarar ce aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya naira biyu, ko da yake Inna har tsufanta naira goma fam biyar take ce mata. Shekarar ce kuma fari ya yi tsanani, gero ya yi tsada, mutanen karkara da na ƙetaren iyaka suka cika gari. Tana fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli: a soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai inji, a dawo a yi ta tuƙa da ruwan zafi har mai ya taso, sannan a mulmula tunkuza a soya. Kafaɗa ke ci. Da cuta ta lalata gyaɗar Arewa a 1975, ba ta zauna ba, ta koma fura. Ƙafarta ba ta taka kasuwa, su Goggo ke talla, amma ta fi mai rumfa sanin farashin kwanon gero.

Da matan unguwa suka ga riƙonta sai suka mai da ita uwar adashi. Ba ta rubutu da boko. Kuɗin kowace mace a tsumma daban take ƙulle shi, ta san na wance da launin ƙyallen.

Sai ga watan Afrilu na 1984. Gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, aka ba mutane abin da bai kai mako biyu ba su kai tsofaffi banki, aka kuma rufe iyakoki, har ta Illela. Ina ƙarami lokacin, Goggo ce ta ba ni labarin. Matan da ke kulle ba mai zuwa banki, kuɗinsu kuma yana hannun Inna. Dole sai Baba. Yana tsugune a bakin ƙofa, ita kuma ta dubi Goggo ta ce, "Ki gaya mai ya tahi da su banki. Kuɗɗin mutane na, ba nawa na ba. Kowane ƙulli da mai shi, kar a gama su."

Baba ya yi ta sammako yana bin layi cikin zafin bazarar Sakkwato, wanda duk ɗan garin nan ya san ba wasa ba ne. Duk daren da ya dawo zai tarar da kwanon fura a rufe da faifai a ɗakinsa. Inna ba ta taɓa cewa ita ta dama ba. Sai dai ta tambayi Goggo, "Wancan ya sha kuwa?"

An canja kuɗin, kowa ta karɓi nata. Bayan wa'adi ya wuce, Inna tana kakkaɓe gado sai ga ƙulli ɗaya ya faɗo daga bayan jeren kwanoni. Na wata bazawara ne mai tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta, kuma ya riga ya zama takarda. Inna ta aika aka sayar da jar akuyarta mai ciki, ta cika wa matar kuɗinta cif, ta hana Goggo gaya wa kowa, musamman Baba, don kada ya ga kamar shi ya yi sakaci ya nemi biya daga ɗan albashinsa.

Baba bai ji wannan magana ba sai a zaman makokinta, daga bakin 'yar bazawarar, wadda ta zo gaisuwa da jikokinta. Ya tashi ya shiga ɗakin Inna, ya daɗe bai fito ba, sai da aka kira la'asar.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda ta saka autarta makarantar boko a 1976, da rigimar da ta sha da ƙannen kakana a kan haka.