Abin da na koya daga tantanin ƙwayar halitta

A cikin duk abin da na karanta a fannin ilimin halittu, babu darasin da ya zauna mini a kai kamar na tantanin da ke kewaye da ƙwayar halitta, wato ɗan ƙanƙanin tubalin da jikin mai rai ya ginu da shi. Akan fara koyar da fannin ne da Robert Hooke, wanda a shekarar 1665 ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga wasu ƙananan gurabe jere da juna. Abin da ya gani bangon matattun ƙwayoyin tsiro ne kawai, domin shi tantanin kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma madubi irin nasa ba ya iya nuna abu mai siranta haka.

Wannan sirantar ce ta kai ni ga fahimtar cewa ana iya gano siffar abu tun kafin ido ya gan shi, muddin an iya awo da lissafi. A 1925 wasu masana biyu a ƙasar Holand, Gorter da Grendel, sun tatso kitsen da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka tarar faɗinsa ya kai kusan ninki biyu na faɗin fatar ƙwayoyin. Daga nan suka yanke cewa tantanin shimfiɗa biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Daga baya an gano cewa ba su tatso kitsen duka ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin a lissafinsu, sai kurakuran biyu suka cike wa juna, amsar ta fito daidai. Tun daga lokacin nakan so in san yadda aka kai ga sakamako kafin in yarda da shi.

Dalilin wannan shimfiɗa biyu yana cikin ɗabi'ar sinadarin da ake kira fosfolifid, kuma a ganina ɗalibin da ya riƙe wannan ɗabi'a ya huta da haddar rabin darasin. Kowane ɗaya yana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu na kitse masu gudun ruwa, kuma tun da akwai ruwa a cikin ƙwayar da wajenta, sai kawunan su fuskanci ruwan ta ɓangarorin biyu, wutsiyoyin su ɓuya a tsakiya. Babu mai jera su, da kansu suke jeruwa, kuma idan ƙaramin rami ya samu sukan haɗe su toshe shi. Daga nan mutum zai iya gane abin da zai wuce da wanda ba zai wuce ba: iskar oksijin tana ratsa kitsen cikin sauƙi, amma sodiyam da potasiyam masu ɗauke da cajin lantarki, da sukarin gulukos, ba sa shiga sai ta hanyar furotin da aka keɓe musu. Furotin ɗin ma ba a kafe suke wuri ɗaya ba, domin a 1970 Frye da Edidin sun haɗe ƙwayar ɓera da ta mutum, cikin kusan minti 40 furotin ɗin ɓangarorin biyu suka gauraya. A 1972 Singer da Nicolson suka fito da bayanin da ake koyarwa har yau, cewa tantanin abu ne mai motsi kamar ruwa.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne famfon sodiyam da potasiyam, wani furotin da ke cikin tantanin, wanda Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957 yayin da yake aiki da jijiyoyin da ke kai saƙo a jikin ƙaguwa, kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel a kansa a 1997. Duk lokacin da famfon ya juya sau ɗaya, yana fitar da sodiyam 3, ya shigo da potasiyam 2, ya ƙona ƙwayar makamashi ta ATP guda. Tambayar da ta fi damuna ita ce me ya sa ƙwayar halitta take kashe kaso mai tsoka na ƙarfinta wajen fitar da abin da zai sake tsiyayowa ciki, kamar mai kwale-kwalen da ke yoyo wanda ba ya daina kwarfe ruwa. Amsar ita ce bambancin da ke tsakanin ciki da waje shi kansa ajiyar ƙarfi ne. Shi ne ke sa ƙarfin lantarkin cikin ƙwayar jijiya ya zauna a kusan milibolt 70 ƙasa da na wajenta, kuma da zarar an buɗe wa sodiyam hanya ya kwararo ciki, saƙon jijiya ya tashi. Idan famfon ya tsaya saboda rashin makamashi, sodiyam ya taru a ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura.

Bin gishiri da ruwa ke yi, wato osmosis, shi ne ya haɗa mini darasin da aikin asibiti. Ba a ƙara wa majinyaci tsantsar ruwa ta jijiyar jini, ana haɗa shi da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari, domin in ba haka ba ruwan zai shige cikin jajayen ƙwayoyin jini har su fashe. Haka kuma a hanji akwai furotin da ba ya shigo da gulukos sai tare da sodiyam, kamar yadda Robert Crane ya bayyana a 1960. Gubar kwalara tana sa ƙwayoyin hanji su yi ta zubar da gishiri da ruwa, amma ba ta lalata wannan furotin ɗin, saboda haka idan mai cutar ya sha ruwan gishiri da sukari da aka haɗa daidai gwargwado, sodiyam da gulukos sukan shiga tare, ruwa ya bi bayansu ya koma jiki.