Giram Nawa na Kifi Mutum Yake Ci a Rana?

A karatun da na yi kan dokokin kula da ruwa, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Amurka take ƙayyade yawan gubar da aka yarda ta kasance a cikin kogi ko tafki. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta ɗora wa kowace jiha nauyin tsara ma'auninta, sannan hukumar kare muhalli ta tarayya, wato EPA, ta duba ta amince ko ta ƙi. Lissafin yana buƙatar a san nauyin jikin mutum, da ruwan da yake sha, da yadda guba take taruwa a naman kifi, da kuma yawan kifin da yake ci a rana. A kan wannan adadi na ƙarshe aka fi kai ruwa rana.

Dalili kuwa shi ne, guba irin su zaiba da PCB, wato wasu sinadaran masana'antu, ba sa barin jikin kifi da sauƙi. Ƙaramin kifi yana ɗaukar su daga abincinsa, babba ya cinye ƙarami, har a wayi gari gubar da ke jikin kifi ta ninka wadda ke cikin ruwan sau dubbai. Saboda haka duk wanda ya fi cin kifi, shi ya fi kwasar gubar, ko da bai taɓa kurɓar ruwan kogin ba.

A 1980 EPA ta ɗauka cewa mutum yana cin giram 6.5 a rana, abin da bai wuce kifin ci ɗaya a wata guda ba. A 2000 ta ɗaga adadin zuwa giram 17.5. Amma tun 1994 wani bincike da aka yi tsakanin ƙabilu huɗu na asalin mazauna yankin Kogin Kolumbiya, wato Umatilla da Yakama da Nez Perce da Warm Springs, ya nuna cewa babban mutum a cikinsu yana cin kusan giram 59 a rana, wasu ma suna ninka haka sau da yawa. Mutane ne da yarjejeniyoyin da suka ƙulla da gwamnatin Amurka a 1855 suka tabbatar musu da haƙƙin yin su a waɗannan ruwaye, kuma kifi ne abincinsu da al'adarsu, sai ga shi an yi lissafin kare lafiya kamar babu su. Sai a 2011 jihar Oregon, ɗaya daga jihohin da ke bakin kogin, ta koma giram 175 a rana, wanda ya tsananta iyakar guba masu yawa kusan sau goma.

Daga nan na fahimci cewa zaɓen adadin nan hukunci ne a kan wanda za a kare da wanda za a bari. Idan aka haɗa mai cin kifi kullum da wanda ba ya ci sam aka fitar da matsakaici, masunci ne yake ɓacewa a lissafin. Kuma ko an gyara adadin, akwai wata ƙofar da ake bi a sassauta: a jihar Washington an taɓa kawo shawarar a karɓi giram 175, amma a ɗaga haɗarin kamuwa da ciwon daji da aka lamunta daga mutum ɗaya cikin miliyan zuwa ɗaya cikin dubu ɗari. Wannan bayarwa ce da hannun dama a karɓe da na hagu, shi ya sa nake ganin mai nazarin ma'auni bai gama aikinsa ba sai ya bi kowane adadi ɗaya bayan ɗaya.

Wani abin lura shi ne, mutanen da aka gargaɗa cewa kifinsu ya gurɓata sukan rage ci, to idan aka auna cinsu a wannan hali aka gina doka a kai, an mayar da gurɓatar ta zama ƙa'ida ke nan.

Batun ya shafe mu, domin masana'antun jima na Kano sun daɗe suna zubar da dagwalo a Kogin Challawa, masu haƙar zinariya kuma suna amfani da zaiba a wurare da dama na Arewa. Duk hukumar da ta kwafo ma'auni daga waje, ta kwafo har da yawan kifin da mutanen can suke ci. Kafin a yanke adadi, ya kamata a je wurin masunta da iyalansu a tambaye su irin kifin da suke ci, ɗanye ko busasshe, da kai da fata ko tsoka kaɗai, domin PCB a kitse yake taruwa, zaiba kuwa a tsoka, kuma dahuwa ba ta fitar da zaibar.