Tafiyata zuwa Ennis, garin Shane O'Donnell

Daga tashar Heuston ta Dublin muka hau jirgin ƙasa da safe, ni da ɗan yayata da ke karatu a Ayalan. A Limerick muka sauka muka shiga wani ƙarami mai zuwa Ennis, babban garin gundumar Clare a yammacin ƙasar. Hanya kore shar, shanu da tumaki suna kiwo ba makiyayi, ga yayyafin nan nasu da ba ya ɗaukewa, ba ya kuma hana kowa fita. Wasan da suke kira hurling ne ya kai ni, da labarin wani ɗan garin mai suna Shane O'Donnell.

Ennis ƙaramin gari ne mai ƙunƙuntattun tituna, kogin Fergus ya ratsa ta cikinsa. Tun kafin mu isa masauki na fara cin karo da yara riƙe da sanda. Tsawonta ya kai ƙugun mai ita, ƙarshenta fale-fale kamar muciyar da aka faɗaɗa wa baki. Wata yarinya da ba za ta wuce shekara 9 ba tana tafe tana ɗana ƙwallo a kan bakin sandarta, tana hira da ƙawarta, ko kallon ƙwallon ba ta yi.

"Kawu, nan haka suke," in ji ɗan yayata. "Da ita suke zuwa makaranta, da ita suke komawa gida."

Da yamma muka je kallon atisaye a wani filin unguwa, a nan na fara gane wasan. Mutum 15 ne kowane ɓangare. Ƙwallon ƙarami ne mai tauri, an ɗinke shi da fata, ya cika tafin hannu. Idan ya shiga raga maki 3 ke nan, idan ya bi ta sama tsakanin dogayen ƙarafan nan biyu maki 1. Ana cafe shi da hannu, amma ba a wuce taku 4 da shi, sai dai a ɗora shi a kan sanda a ruga. Na tsaya dab da shinge lokacin da samari biyu suka yi tsalle kan ƙwallo ɗaya, ɗaya ya kai sanda, ɗaya ya miƙa hannu tsirara cikin sandunan ya ɗauke shi. Gabana ya faɗi. Tun 2010 hular kwano mai waya a fuska ta zama dole ga kowa, amma yatsu dai sai kiyayewar Allah.

A irin wannan fili O'Donnell ya taso, a ƙungiyar garinsu, Éire Óg. A 2013 ƙungiyar gundumar Clare, wadda yake yi wa wasa, ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙasa da ta gundumar Cork, aka tashi kunnen doki, aka sa ranar sakewa, 28 ga Satumba. Yaron yana da shekara 19, ba a ma sa shi a karon farko ba. Saura 'yan sa'o'i a fara kocinsu Davy Fitzgerald ya gaya masa da shi za a shiga. A filin Croke Park, mai cin mutum 82,300, kafin a cika minti 20 ya zura ƙwallo uku a raga. Ya ƙara da maki 3 ta sama, Clare ta ci da tazarar maki 6, ta ɗauki kofin Liam MacCarthy. Duk wanda na taɓo wa zancen a Ennis sai ya gaya mini inda yake zaune a daren nan.

Abin da ya fi kama ni shi ne abin da ya biyo baya. Ba a biyan 'yan hurling albashi, ba a kuma cinikinsu daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Galibi gundumar da aka haife ka ita za ka yi wa wasa. Don haka yaron da ƙasa ta kwana tana kiran sunansa ya koma aji a jami'ar Cork, garin mutanen da ya lallasa, ya ci gaba da karatun kimiyya. Daga baya ya sami tallafin karatu na Fulbright ya yi wani lokaci a Harvard ta Amurka, ya kai har digirin digirgir. A fili kuwa shekaru suka yi ta wucewa Clare ba ta sake ganin babban kofin ba. A 2021 ya bugu a kai wurin atisaye, buguwar da ta girgiza masa ƙwaƙwalwa ta raba shi da gasar shekarar baki ɗaya. Mutum mai karatu irin nasa, wanda ba albashi yake samu a wasan ba, da ya ajiye sanda a nan ba mai ganin laifinsa. Ya dawo. A Yulin 2024 Clare ta sake haɗuwa da Cork a wasan ƙarshe, aka kai ga ƙarin lokaci, ta ci da maki 1 tak, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara yana da shekara 30. Ni a wurina dawowar nan ta fi ƙwallaye ukun 2013 nauyi.

Washegari muka ɗauki mota zuwa Carron, wani ƙauye a yankin Burren, inda ƙasa duk falalen dutse ne fari-fari, ciyawa na leƙowa ta tsagoginsa. Nan aka haifi Michael Cusack, malamin makarantar da ya jagoranci kafa GAA, ƙungiyar wasannin gargajiyar Ayalan, a garin Thurles a 1884, lokacin da Ingila ke mulkin ƙasar kuma wasannin gargajiya suna neman mutuwa. Ɗan gidan da ya taso a ciki yana nan an gyara shi, ɗaki ne na dutse mai rufin ciyawa, sai ka sunkuya za ka shiga. Babban filin wasa na Ennis sunansa aka sa masa. Ƙungiyar da ya kafa ita ke riƙe da hurling har yau, kuma a 2018 UNESCO ta sa wasan cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

A hanyar komawa direban ya ɗauko zancen da ke damunsu yanzu. Da itacen ash ake sassaƙa sandar tun kaka da kakanni, kuma daga gindin bishiyar, inda saiwa ta lanƙwasa, ake fitar da bakinta. Wata cuta ta shigo tana kashe bishiyoyin a duk faɗin Turai, har masu sassaƙa na gidan Torpey, a nan cikin Clare, suka fara yin sandar da gora. Shi dai direban ya ce ta ash zai saya wa jikansa muddin ana samunta, ko da kuɗinta ya ninka.