Kanar, rasit, kum: Turancin da ya shigo mana ta kunne

Duk wanda ya zauna a ajin boko ya san wannan abun, malami zai ce tashi ka karanta, kana cikin tafiya lafiya lau sai ka ci karo da wata kalma, ka bi ta harafi bayan harafi yadda aka rubuta, sai kaji an ce kai ba haka ake faɗa ba. Toh in ba haka ake faɗa ba me ya sa aka rubuta haka? Shiru. Abin da ni yake bani mamaki shine da yawa daga cikin kalmomin nan da suke kayar da ɗalibai, kakanninmu da ko ƙofar aji basu taɓa takawa ba sun daɗe suna faɗarsu daidai, mu ne dai bamu lura cewa su bane.

Ɗauki colonel. A rubuce gaɓa uku ce, wanda bai sani ba kolonel zai ce kuma wallahi bana ganin laifinsa. Amma Bature gaɓa biyu yake yi, wani abu kamar kanal, wato dai Kanar ɗin da muke ji kullum a labaran rediyo. Kalmar asalinta ta Italiya ce, colonnello, mai jagorantar jerin sojoji, ta biyo ta Faransanci inda ta koma coronel, a haka Turawan Ingila suka karɓe ta a ƙarni na 16. Daga baya masu rubutu suka maida ita kusa da siffar Italiya, bakin mutane kuma yaƙi bin alƙalami, aka tafi a haka har yau. Haka ma lieutenant, duba duk kalmar ka nemo min f, babu, amma a Ingila leftenant ake cewa, Amurkawa ne suke cewa lutenant. Mu kuma me muke cewa? Laftanar. Kaga ko daga wannan f ɗin kaɗai za a gane wanda ya mulke mu. Sergeant ma e aka rubuta amma a ake faɗa, shine sajan ɗinmu, in ka haɗa da major ka samu samanja.

Dalilin a fili yake, a filin fareti aka koyo su. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suka kafa rundunar West African Frontier Force ƙarƙashin Lugga, Hausawa da masu jin Hausa suka cika ta har Hausa ta zama yaren bariki, kuma jikokin wannan runduna ne aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu. Mutumin da hafsa yake yiwa tsawa a kunne safe da yamma ina ruwansa da yadda ake rubutawa, abin da yaji shi zai maimaita, sai dai ya ɗan gyara shi ya zauna a bakin Bahaushe.

Ba bariki kaɗai ba. Shiga shagon aski kaji mai shago yana cewa yaro miƙo min kum ɗin can, comb ce, kuma b ɗin ƙarshe ba a faɗarta. Bam ma haka, bomb. Kabad ɗin da ake jerawa amarya cupboard ce, p ta ɓace gaba ɗaya. Direba yace geji ya sauka, gauge kenan, kalmar da zaka ji mai digiri yana ce mata goj. Usur ɗin alƙalin wasa whistle ce, babu t a baki. Sai uwa uba rasit, wanda ɗan kasuwa zai zaro ɗan littafinsa mai kabon a tsakani ya rubuta maka ya buga hatimi, shi rasit yake cewa hankalinsa kwance, sai wani ɗan boko yazo yana risipt da p ɗinsa ƙato wai shi mai Turanci.

Ita wannan p ɗin ta receipt labarinta ma abin dariya ne. Lokacin da kalmar ta shigo daga Faransanci babu ita. Masana ne da suka ƙoshi da Latin suka ga ai asalin kalmar recepta ce, sai suka cusa p don a san sun san asali, alhali ƴan uwanta deceit da conceit an barsu haka nan. Debt ma da dette ake rubutawa, aka saka mata b saboda debitum, doubt ma aka yi mata haka. Wadda tafi bani haushi ita ce island, don ita s ɗinta ma kuskure ne tsagwaronsa, tsohuwar kalmar Ingilishi ce da bata da alaƙa da insula ta Latin, aka ɗauka dangin isle ce aka liƙa mata s, yanzu ga yaranmu suna ta islan islan ana musu dariya akan kuskuren wasu da suka mutu shekaru ɗaruruwa.

Wasu haruffan kuma da can ana faɗarsu ne. K ɗin knife da knee da gaske ake furta ta a zamanin da. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, daga nan rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure shi, shi kuwa furuci yaci gaba da tafiyarsa. Mu da Hausarmu ta boko kusan abin da ka faɗa shi zaka rubuta, dole abun ya zo mana wani iri.

Ba kullum kunne yake cin nasara ba fa. Plumber a Ingila b ɗin shiru take, daga plumbum ta Latin wato darma, don da ita ake yin bututun ruwa a da, amma mu nan filamba muke cewa da b ɗinmu raɗau, a ganina takarda ce ta riga kunne isowa. Kuma in aka zo rubutu kunnen nan cin amana yake yi, shi yasa zaka ga reciept a allon shago, ko definately a Facebook, ko a ɗora f inda p ya kamata tunda mu a bakinmu duk ɗaya ne.

Yanzu gidan kallon ƙwallo ne ya gaji filin fareti. Yaron da ko jarabawar WAEC bai zauna ba, yana kan benci janareto na ƙara a bayansa, zai ce maka Lesta tsaf kamar a can aka haife shi, musamman tun da Leicester City ta ɗauki Firimiya a 2016 kuma Ahmed Musa ya koma can a shekarar, Ndidi da Iheanacho suka biyo baya a 2017. Fulham ya ce Fulam, Tottenham ya ce Totnam, duk daga bakin mai sharhi. Amma ka rubuta masa Leicester a takarda ba tambarin kulob kaga yadda zai tsaya yana kallonka. Wannan cester ɗin daga castra ta Latin take, sansanin sojan Rumawa, ita ce a Manchester, ita ce a Gloucester da ake cewa Glosta da Worcester da ake cewa Wusta. Sai kace toh na gane dokar, a haɗiye tsakiya kawai. Akwai wani gari Cirencester a yankin Gloucestershire ɗin nan dai, su mutanen can yau Sayransesta suke cewa, duk gaɓoɓin a cike.