Aikin sakataren mazaɓa a kakar zaɓen fidda gwani

Na riƙe littattafan jam'iyyarmu a matakin mazaɓa lokacin zaɓen fidda gwani na 2022, kuma abin da na fi ɗauka daga wannan aiki shi ne takarda ce ke yanke hukunci, tun makonni kafin a shiga filin zaɓe. Taro da kiɗa da fosta duk suna da amfaninsu, amma ranar da rigima ta tashi ba wanda zai tambaye ka mutum nawa suka zo. Rajista za a nema, da jerin sunayen daliget, wato wakilan da ke kaɗa ƙuri'ar fidda gwani, da takardar sakamako mai sa hannu.

Dokar zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu na shekarar, ita ta sauya mana yadda muka saba. Ta wajabta wa kowace jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe ta INEC rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin fidda gwani, ta kuma sanar da hukumar kwana 21 kafin duk wani taron zaɓe. Uwar jam'iyya ce ke miƙawa, amma daga hannunmu rajistar take fitowa. Hukumar ta ware 4 ga Afrilu zuwa 3 ga Yuni don kammala fidda gwani, daga baya ta ƙara zuwa 9 ga Yuni, don haka mafi yawan aikin rajistar a cikin azumi muka yi shi, da zafin bazara, galibi bayan tarawihi.

Rumfa-rumfa muka bi. Kowace rumfar zaɓe da shafukanta: suna, lambar katin jam'iyya, lambar katin zaɓe, lambar waya. Mun cire waɗanda suka rasu da waɗanda suka sauya sheƙa a fili. Wanda ake raɗe-raɗin ya koma wata jam'iyya amma bai rubuto ba, mun bar sunansa, domin cire shi ba hujja shi ne ke zama ƙorafin farko da ɗan takarar da ya faɗi zai ɗauka. Kwafi uku muka yi, ɗaya wurin ciyaman, ɗaya wurina, ɗaya ofishin jam'iyya na ƙaramar hukuma, kowane shafi da sa hannun mutum biyu a ƙasansa. Shafin da ba sa hannu, a dare ɗaya ake musanya shi.

Babban abin da ya girgiza kowa shi ne sashe na 84 na dokar. Yadda aka rubuta shi, daliget ɗin da aka zaɓa musamman domin fidda gwani ne kaɗai ke da ƙuri'a. Masu riƙe da muƙami da tsofaffin shugabanni, waɗanda a da kujerarsu ce ke ba su damar shiga, duk suka tashi a tutar babu. Majalisa ta yi gyara a watan Mayu, amma ba a sa wa gyaran hannu ba har aka gama. Nan take darajar daliget na mazaɓa ta yi sama. A 2022, a APC mutum biyar aka fitar daga kowace mazaɓa don fidda ɗan takarar gwamna, a PDP uku. Jiha kamar Kano mai mazaɓu 484, ka ga 'yan dubbai ko ƙasa da haka ne ke yanke wa miliyoyi wanda za su gani a takardar ƙuri'a.

A nan ne aka fi yin ɓarna, kuma zan tsaya a kai. Bisa ƙa'ida, mai son zama daliget ya sayi fom, 'yan jam'iyya su taru, kwamitin da aka turo daga sama ya gudanar da zaɓe, ko ƙato bayan ƙato ko masalaha, jami'in hukumar zaɓe yana kallo. A aikace, sau da yawa jagora ne ke saye fom ɗin gaba ɗaya, ya rubuta sunayen yaransa. Ban ce masalaha laifi ba ce. Mazaɓa ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma layi yakan bar gaba tsakanin maƙwabta har shekaru. Amma masalahar da ba a kira taro ba, ba a rubuta ba, ba masalaha ba ce. Mu mun raba kujerun bisa unguwanni, muka tabbatar da mace a ciki kamar yadda ƙa'idar jam'iyya ta nema, sannan muka karanta sunayen a bainar jama'a, aka amince da baki, kowa ya sa hannu a takardar halarta. Mun ɗauki hoton takardar sakamako tun kafin kwamitin ya shiga mota. Tsakanin mazaɓa da hedikwatar jiha ne sunaye ke canzawa, kuma a mazaɓun da ke kusa da mu an wayi gari da jerin sunaye biyu, kowanne da masu cewa shi ne na gaskiya.

Wani kuskure ƙarami da ya ci mu: rubutun suna. Daliget ɗaya an rubuta shi Muhammad a jerin sunaye, katin zaɓensa kuwa Mohammed, sunan mahaifi kuma ya riga nasa. A ƙofar tantancewa ejan ɗin wani ɗan takara ya kafe cewa ba shi ba ne, muka yi kusan awa biyu a rana kafin a bar shi ya shiga. Tun daga nan ba na rubuta sunan kowa sai katinsa na gabana, harafi da harafi.

Ranar fidda gwani ba a yarda da lokacin da aka sanar. In an ce ƙarfe goma na safe, a shirya wa kwana a wurin. Mota ɗaya muka haɗa mutanenmu, da ruwa da abinci da maganin masu hawan jini, kowa da katin jam'iyya da katin zaɓe a hannu. Wanda bai iya rubutu ba sai a koya masa tun a gida yadda zai rubuta sunan wanda yake so, ko a nema masa mai taimako da shi kansa ya yarda da shi, domin ƙuri'ar da aka rubuta suna ɗaya tilo alhali 'yan takara biyu na amsa shi, lalatacciya ce.

Maganar kuɗi kuwa, ƙarya ne a ce babu. 'Yan takara na kwashe daliget su ɓoye su a otal, a karɓe musu waya, wasu har a rantsar da su. Kwamitin mazaɓa ba shi da ƙarfin hana wannan. Abin da muka iya shi ne muka gayyaci duk ɗan takarar da ya nemi ganawa ya zo ofis a gaban shugabanni duka, rana ɗaya ga kowa, aka rubuta wanda ya zo da abin da ya alkawarta wa mazaɓa. Ya rage zargin cewa ciyaman ya sayar da mu a ɓoye, ko da bai kawar da shi ba.

Bayan sakamako, kwana 14 kacal tsarin mulki ya bai wa wanda bai gamsu ba ya shigar da ƙara, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraro. Cikin waɗannan kwanaki lauyoyin ɓangarori biyu suka zo neman takardar halarta da rajista. Ban ba kowa ta asali ba. Kwafi na bayar, mai karɓa ya sa hannu da kwanan wata a littafi, na asalin kuma suna kulle a akwatin ƙarfe har kotu da kanta ta nema.